Filin Tanti Ungozoma: Ƙullutu a nono ana cikin shayarwa

Assalamu alaikum masu karatu, musamman masu jego da masu goyo, da fatan kowa na lahiya. Saƙonnin da suka shigo wannan karon da yawansu a kan abu guda suke, wato curi ko ƙullutu a nono alhali ana shayarwa, shi ya sa na ajiye tambayoyin tazarar haihuwa sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Kamar kullum ba na sa sunan kowa, unguwa ko gari kawai.

Tambaya daga unguwar Bagalam, Maradi:

Tanti ina wuni ya aiki. Yau kwanana 4 da haihuwa kuma haihuwar fari ce, tun jiya da dare nonuwana duka biyu suka cika suka yi tauri, duk gudaji-gudaji har wajen hammata, yaron ya kasa kama kan nonon sai kuka yake ni ma ina kuka. Uwar mijina ta ce nonon ne bai da kyau, a ba shi madarar gwangwani tukun har a wanke nonon da magani. Don Allah mi zan yi?

Amsa:

Barka da arziki ɗiyata, Allah ya raya ya ba ki lahiyar shayarwa. Ki kwantar da hankalinki, nononki lahiyarshi lau, abin da kike gani shi ne zuwan ruwan nono. Kwanakin farko dakashi ne ke fitowa, kaɗan-kaɗan mai kauri, to tsakanin kwana na 3 zuwa na 5 sai nonon gaske ya sauko da ƙarfi, jini ya ƙaru a wurin, naman nonon ya jiƙe ya kumbura, shi ya sa kike jin gudaji ta ko'ina kuma duka biyun lokaci guda. Wannan "duka biyu" ɗin shi ne alamar da ke kwantar min da hankali, don ciwo ba kasafai yake kama nono biyu rana ɗaya ba.

Yaron bai ƙi nononki ba, wurin kamawa ne ya rasa, saboda baƙin da ke kewaye da kan nonon ya miƙe ya yi santsi. Kafin ki sa shi, ki wanke hannu, ki ɗora yatsunki kewaye da gindin kan nonon ki danna a hankali zuwa ciki wajen ƙirji ki riƙe kamar minti ɗaya, ko ki tatse kaɗan da hannu har baƙin ya yi laushi, sannan ki ba shi. Ki jira ya buɗe baki sosai, ya cika bakinshi da baƙin ba kan kawai ba, haɓarshi na taɓa nonon, cikinshi na manne da cikinki. Ki ba shi duk lokacin da ya nema, dare da rana, jariri sabon haihuwa yana sha sau 8 zuwa 12 a yini da kwana, in yana ta barci ki tashe shi. Bayan ya sha ki jiƙa tsumma da ruwan randa mai sanyi ko ki naɗe galas, wato ƙanƙara, a cikin ƙyalle ki ɗora minti 10. Cikin kwana ɗaya ko biyu za ki ga ya saki.

Zancen madarar gwangwani kuwa, shi ne zai ɓata abin, in yaro ya ƙoshi da wani abu ba zai ja nono ba, nonon kuma ya ƙara cika. Surukarki ba mugunta take nufi ba, haka aka yi musu su ma, har da gwajin nan na jefa tururuwa cikin nono a ce in ta mutu nonon na da ƙaiƙai, alhali tururuwa in ta faɗa cikin kowane ruwa mai maiƙo nutsewa take. Ki roƙe ta cikin ladabi ta raka ki CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, in ta ji daga bakin sajifam, wato ungozomar asibiti, ya fi a ce ke kika gaya mata. Kuma a wurin wankan jego ki ce a bar watsa ruwan zafi da ganye a kan nonon kai tsaye, zafi ƙara kumburi yake.

Tambaya daga unguwar Ali Ɗan Sofo:

Tanti sannu da ƙoƙari. Ɗiyata wata 2, ina aiki, da sahe nake hita sai azahar. Shekaranjiya na ji curi a nonon dama ta gefen waje, in na taɓa da zahi. Ƙawata ta ce hanya ce ta toshe in murza da ƙarhi, na murza da man kaɗe har da bayan mataji, mijina ma ya taya ni, yanzu wurin ya yi ja kuma yau na tashi da ɗari da ciwon jiki kamar masassarar cizon sauro. In daina ba ta nonon ne?

Amsa:

Ƙanwata a'a, kar ki daina, amma murzar nan ki daina ta yau yau. Zan ɗan tsawaita a nan don ita ce tambayar da ta fi yawa kuma ita ce aka fi ɓatawa a gida.

A cikin nono akwai ƙananan hanyoyi masu yawan gaske da ke kawo ruwa zuwa kai, siraran gaske ne. In nono ya daɗe a cike, kamar ke da kike barin gida tun sahe har azahar, ko yaro ya fara dogon barcin dare, ko sutiyen, wato rigar nono, ya matse, ko ɗaurin zanen goyo ya danne wuri ɗaya, ko kina kwanciya rub da ciki, sai naman da ke kewaye da hanyar ya kumbura ya matse ta, ruwan da ke baya ya taru, shi ne curin da kika ji. Da can mu kanmu ma'aikatan lahiya abin da ake koyarwa shi ne a gasa da ruwan zafi a murza a tatse har nono ya ƙare, amma a 2022 ƙungiyar likitocin shayarwa ta duniya ta sake tsarin, don an gane ba wani daskararren abu ba ne ke zaune a cikin hanya da za a ture shi da ƙarfi, kumburi ne. Wurin da ya kumbura kuwa in aka dirje shi da mataji ai ƙara raunata shi aka yi. Tatsa fiye da kima ita ma cewa take wa jiki ana buƙatar ƙarin nono, sai ya ƙara yi, cikar ta ƙaru.

Da tun ranar farko ce da na ce miki: ki ci gaba da ba ta kamar yadda kika saba, kar ki ƙara kar ki rage, ki ɗora sanyi bayan ta sha, shafa kuwa sama-sama kawai da tafin hannu daga wajen kai zuwa hammata, yadda ba za ki ji zafi ba, ki sassauta sutiyen, ki huta. Yawanci curin irin wannan yana bajewa cikin kwana 1 zuwa 2. In kin ga ɗan farin ƙurji a kan nonon mai zafi, shi ma daga wannan kumburin ne, kar ki sa allura ko tsinke.

Amma yanzu kin wuce nan. Ja a wurin, zafi, ɗari, ciwon gaɓoɓi, wannan kumburin nono ne da dokta zai rubuta miki mastit a karne, wato littafinki na asibiti. Ya fi kama mata cikin wata 3 na farko bayan haihuwa. Wani lokaci kumburi ne kawai ba ƙwayar cuta, wani lokaci kuma ƙwayar cuta ta shiga, yawanci wadda ake kira stafilokok da ke zaune a fatar mutum da hancinshi, ta samu ƙofa ta tsagewar kan nono. Ga mu masu duhun fata jan ba kullum yake fitowa sarai ba, wani lokaci wurin sai dai ya yi duhu ya yi ƙyalli ya yi ɗumi, don haka kar mace ta ce ai bai yi ja ba.

Ki tahi likita yau, kar ki jira gobe tunda masassara ta shigo kuma abin ya kwana biyu yana ƙaruwa. Ki ce a auna zafin jikinki, in ya kai 38,5 ga ciwon nono to alama ce babba, kuma a yi miki gwajin palu, wato masassarar cizon sauro, a yatsa don a nan Maradi, balle da damina, ana iya haɗa biyun, an sha ganin mace ta sha maganin palu zagaye biyu alhali nono ne ke sa ta ɗari. In dokta ya ga da ƙwayar cuta zai rubuta antibiyotik irin su kloksasilin ko sefaleksin, kwana 10 zuwa 14, ki saya a farmasi da ordonans, ki shanye duka ko kin ji sauƙi a kwana na 3. Kar ki sayi kafso biyu-uku wurin mai tallan magani a kan tire ko a bakin kasuwa, wanda rana ta gama dafawa, rabin magani shi ke sa ciwon ya lafa ya dawo ya zama maruru. Parasetamol da ibuprofen duka mai shayarwa na iya sha, ibuprofen ya fi rage kumburin, sai dai in kina da olsa ko ciwon ƙoda ki gaya ma dokta tukun.

Nonon gefen da ke ciwo ba ya cutar da yarinya, ba guba ba ne. Zai ɗan yi gishiri-gishiri a bakinta, tana iya yin ƙyuya da shi kwana biyu, in ta ƙi ki tatse daidai yadda za ki ji sauƙi. Wadda na keɓe kawai ita ce uwa mai ɗauke da ƙwayar sida, ita kam ta shayar da gefen mai lahiya, ta tatse mai ciwon ta zubar har ya warke, ta kuma sanar da masu ba ta magani. Ke kuma ƙanwata in kin koma aiki ki nemi wuri ki tatse sau ɗaya da hantsi, kar ki bari ya kai azahar a cike. Maigida kuma a gode mishi amma ya taya da riƙon yarinya da dare, ya bar murza.

Tambaya daga Tibiri:

Hajiya barka da aiki, ni namiji ne, wayata matata ta ce in rubuto da ita. Yau kwana goma nonon matata na hagu ya kumbura, tsohuwarmu ta ce yaro ne ya yi gyatsa bisa nonon, anka shafa magani, anka yi turare, bai yi ba. Yanzu wurin ya tattaru wuri guda, tsakiyarshi ya yi taushi, ba ta barci don zogi. An ce a kira wanzami ya tsaga ko ya yi ƙaho. Mi kika gani?

Amsa:

Malam na gode da ka rubuto, ba kowane namiji ke tsayawa kan irin wannan ba. Ka ɗauke ta ku tahi asibiti yau, tsakanin Tibiri da Maradi ba nisa, akwai cibiyar lahiyar uwa da yaro, akwai babban asibitin jiha. Abin da ka zana, kumburi ya haura mako, ya tattaru, tsakiya ya yi laushi, ga zogi mai hana barci, marurun nono ne, mugunya ta taru a ciki. Kumburin nono ne da bai samu magani da wuri ba ya nuna.

Gyatsar yaro ba ta shiga nono, iska ce daga cikinshi take fita, hanyoyin nono kuwa ba sa zuƙar iska. Abin da ke faruwa shi ne duk jariri yana gyatsa kullum, don haka duk ranar da nono ya kumbura in aka waiwaya dole a samu gyatsar da za a ɗora ma laifi. Illar maganar ita ce da an ce gyatsa ce sai a hana yaro wannan nonon, shi kuma ya cika ya rasa mafita.

Wanzami yana da aikinshi, amma wannan ba nashi ba ne. Aska ba ta ganin zurfin mugunyar, marurun nono sau da yawa ɗaki-ɗaki yake a ciki, a tsaga sama a bar na ƙasa, ga hanyoyin nono da za a iya yankewa, ga tsatsa da dattin da ke kawo tetanos. A asibiti za su sa eko, wato na'urar hoto irin wadda ake duba ciki da ita, su ga girmanshi da inda yake, in ƙarami ne da allura da sirinji ake zuƙe mugunyar bayan an kashe wurin, wani lokaci sai an maimaita sau biyu ko uku a ranaku dabam, in babba ne a yi ɗan yanka a wanke a sa bandeji ana canzawa, a haɗa da antibiyotik. Magani kaɗai ba ya shanye mugunyar da ta riga ta taru, sai an fidda ta, kar ka ce a rubuto maka ƙwaya kawai ku koma gida.

Ta ci gaba da ba yaro nonon dama. Na hagun ma in yankan ya yi nesa da inda bakin yaro ke kamawa ana iya ba shi, in kusa ne ta riƙa tatsewa da hannu har ya warke. Kar ku tsorata in kun ga ruwan nono na ɗiga ta wurin yankan, yana faruwa kuma yana rufewa. Ka ce su auna mata sukari ma, masu ciwon sukari sun fi saurin yin irin wannan marurun. Ga tsohuwa kuma ba sai an yi gardama ba, ka ce mata an gwada na gida kwana goma, yanzu a gwada na likita.

Tambaya daga Tasawa:

Tanti na yaye ɗana yana wata 14 don an gano ina da ciki, rana ɗaya aka kai shi gidan kakarshi, na ɗaure ƙirjina da ɗankwali. Cikar ta wuce amma an bar ni da wani curi mai santsi girman ƙwan zabo, ba ya ciwo, yana motsi in na taɓa, wata rana kamar ya ragu wata rana ya dawo.

Amsa:

Allah ya raba lahiya ƙanwata. Yadda kika faɗe shi, mai santsi, zagayayye, yana motsi, yana raguwa yana ƙaruwa, kuma ya biyo bayan yayen rana ɗaya, ya fi kama da jakar nono, wato wata hanya ce ta rufe ruwan da ke bayanta ya taru ya yi 'yar jaka, da daɗewa ya yi kauri. Dokta zai ce galaktosel. Ba daji ba ne kuma ba ya komawa daji. Da yawa yana shanyewa da kanshi cikin makonni ko watanni, in ya dame ki ana zuƙe shi da allura a ga ruwan nono ya fito, ko da yake yana iya sake cika. Amma ni daga nan ba zan yanke miki hukunci ba, ranar awon ciki ki buɗe ki nuna ma sajifam ki ce kina son eko na nono, eko ba ya taɓa ciki da komi, minti kaɗan zai nuna ruwa ne a ciki ko tsoka.

Sai ɗan ƙorafina kan yayen. Nonon mai ciki ba ya lalacewa, ba shi ke sa yaro zawo ba, mace mai lahiya da cikin da ba shi da matsala tana iya ci gaba da shayarwa, in dai ba a ce tana da barazanar ɓari ko haihuwa kafin lokaci ba. Zawon da ake gani yana zuwa ne daga yayen kanshi, yaro ɗan wata 14 an raba shi da nono da uwa rana ɗaya, ya ƙi cin abinci, ya rame, kuma duk wanda ya taɓa leƙa sashen yara masu tamowa a Madarunfa ko nan cikin gari ya san labarin nan. Ga masu shirin yaye, a rage sha ɗaya, a bar kwana uku ko huɗu, a sake rage wani, na dare ya zama na ƙarshe, ba ɗaure ƙirji.

Tambaya daga Gidan Rumji:

Tanti duk haihuwa sai hammatata ta kumbura gefe biyu in nono ya zo, in na yaye ta koma. Kaluluwa ce?

Amsa:

Wataƙila ba ita ba ce. Wasu mata an halicce su da ɗan naman nono a hammata, yana kwance sai ciki da jego su tashe shi, ya cika tare da nono ya sauka tare da shi, tunda naki yana zuwa yana komawa duk haihuwa to ya yi kama da wannan, sanyi kawai za ki ɗora. Kaluluwa ƙanana ce, tana fitowa gefen da nono ke ciwo ko kan ya tsage, ta koma in ciwon ya warke. Wadda ta yi tauri, ba ta ciwo, gefe ɗaya, ta ƙi komawa bayan makonni, ita ce za a kai a duba.

Tambaya daga unguwar Zariya:

Tanti shekarata 36, goyo na shida, yaron wata 9. Wata uku ke nan ina jin wani ɗan tauri a saman nonon hagu, ba ya ciwo ko kaɗan, ba masassara, ko yaro ya sha ya ƙoshi yana nan yadda yake. Na nuna a wani wuri aka ce nono ne ya kwanta in bari sai na yaye. Yayata ta ce tunda ba ciwo ba komi. Ni dai hankalina bai kwanta ba don innarmu ƙanwar mamanmu ciwon nono ne ajalinta.

Amsa:

Ƙanwata hankalinki ya yi gaskiya, kuma taki ce tambayar da ta sa na haɗa filin nan gaba ɗaya. Da yawan waɗanda suka rubuto a sama ciwo ne ya kore su neman magani, ke kuwa ba abin da ke korarki, shi ya sa irin naki ke kwana. Curin da nono ya haddasa yana da hali, yana canzawa, kafin sha dabam bayan sha dabam, yau dabam jibi dabam. Wanda ya zauna wata uku bai san yaro ya sha ko bai sha ba, wannan ba a ce mishi nono ne ya kwanta da ido ko da hannu kawai. Ƙa'idar da nake ba kowa: curin da ya wuce mako 2 bai baje ba, da ciwo ko ba ciwo, a yi eko.

Ba ina ce miki daji ba ne. Akwai tsiro marasa illa da ke yin haka. Akwai fibro'adenom, wanda ya fi yawa ga 'yan mata da mata masu ƙarancin shekaru, mai santsi mai sulɓewa ƙarƙashin yatsa, wata tana da shi tun tana budurwa ba ta sani ba sai ciki da shayarwa suka ƙara mishi girma. Akwai wani kuma na shayarwa zalla da ke fitowa ƙarshen ciki ko cikin goyo ya koma bayan yaye. Akwai jakar nonon da na yi ma 'yar Tasawa bayani. Har tarin fuka yana iya kama nono ya yi curi ko gyambo mai ƙin warkewa. Mafi yawan curin da ake samu ga mai shayarwa cikin waɗannan yake. Sai dai kansa ma tana kama mai goyo, kuma inda take cin mutane shi ne daidai wannan maganar da aka gaya miki, a bari sai an yaye. A nan mace na shayarwa wajen shekara biyu, ta yaye da ciki, ta haihu ta sake wasu biyun, in ana jiran ranar da nono zai zama ba ciki ba goyo to sai a shekara goma ana jira.

Hukumar lahiya ta duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2,3 aka gano da kansar nono a duniya, 670.000 suka rasu, kuma a Nijar ita ce kan gaba cikin kansar da ke kama mata. Gaskiya ne shayarwa na rage haɗarinta, an auna raguwar wajen kashi 4 cikin 100 ga kowace shekara da mace ta yi tana shayarwa, amma ragewa ce ba rigakafi ba, don haka "ai na shayar da shida" ba hujja ba ce. Zancen innarku kuma ki faɗa ma dokta tun kafin ya tambaya, da shekarun da take da su lokacin da ciwon ya kama ta in kin sani.

Ki tsaya gaban madubi ki ɗaga hannu biyu ki duba, fatar wurin ta loɓa? Kan nonon ya shige ciki alhali da ba haka yake ba? Fatar ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemu? Jini na fita ta rami guda na kan nonon ba tare da tsagewa ba? Yaron ya ƙaurace ma wannan nonon ba dalili? Curin yana motsi ko ya kafe? Ko ba ko ɗaya cikin waɗannan ki tahi, in akwai ki ƙara sauri. Akwai ma wata irin kansa da ke zuwa da kamannin mastit sak, nono ya yi ja ya kumbura ya yi nauyi, shi ya sa duk wadda ta sha antibiyotik mako guda cur ba canji kar ta yarda a sake mata wani kawai ba a yi hoto ba.

Ki nemi likitan mata, a cibiyar uwa da yaro ko asibitin referans na nan Maradi, ki ce curi ne na wata uku da ba ya canzawa kuma akwai ciwon a dangi. Za a fara da eko. In an buƙaci mamografi, wato hoton nono na rediyo, ana yi ma mai shayarwa, ki shayar da yaro ko ki tatse dab da shiga don hoton ya fito sarai, kuma kina fitowa kina iya ba shi nono. In eko ya nuna tsoka ce za a ɗebi ɗan ƙanƙani da allura a kai labo, shi ne biyopsi, ba ya watsa ciwo kamar yadda ake faɗa a gari, kuma ba sai kin yaye ba kafin a yi shi. Sakamakon na iya ɗaukar makonni, ki karɓi lambar wurin ki riƙa bibiya, kar ki zauna jiran a kira ki. In abin ya kai ga maganin kansa akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa a Yamai, kuma sai lokacin fara shimiyo, wato ƙarin ruwan maganin kansa, ne zancen yaye zai taso. Ki tahi da tsohon karnenki da duk takardar da aka taɓa ba ki, ki tahi da yayar taki ma in ta yarda, tunda innarku ɗaya ita ma a duba ta.